Ɗan Ƙarfen da Ka Saya da Sunan Yusha'u

Setapak, Kuala Lumpur,
Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yayana Hambali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da Yaya Barira da yara gaba ɗaya. Yaya jikin Inna, yaya ƙafar tata? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ja kwananta. Yaya aka ji da damina, kun samu kun shiga gonakin nesa kuwa bana, ko dai sai na bayan gari? Kullum kuna cikin addu'armu. Allah ya tsare ku daga mutanen daji, ya tsare mu da ku daga wannan annoba da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, amin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko jerin cefane sai Hanan ta rubuta mini. Dole ce ta sa. Tun da aka datse muku layukan waya nake buga lambarka safe da yamma, na san ba za ta shiga ba, amma hannuna ya ƙi bari. Don haka na rubuta wannan, zan tura wa ƙanwarmu Hafsatu a Kano ta waya, ta fitar da ita a takarda ta ba Ɗanladi direba ya kawo maka hannu da hannu. Na gargaɗe ta kada a bar ta inda za a zare ta a shingen bincike. Kai ma idan ka gama karantawa ka sa ta a murhu. Mu a nan an fara sassauta kulle, kantuna sun buɗe, duk mun yi rigakafi. Baban Hanan har yanzu daga ɗaki yake koyar da ɗalibansa ta kwamfuta. Hanan ta yi tsawo, ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci ko Malayanci, sai ka ji kamar ka make ta. Iyakar labarin daɗin da nake da shi ke nan.

Yaya, ka san ni da kunyar ɗan fari. Tun da na haifi yaron nan ban taɓa kama sunansa a gabanka ba, sai dai in ce ɗanka, ko yaron nan, har kuna yi mini dariya wai zama a ƙasar waje bai waye da ni ba. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yusha'u yana hannun 'yan sanda. Ba a gida yake kwana ba, ba ya shiga darasi, kuma ban san ranar da zai fito ba. Abin da ya kai shi can shi ne saƙon da ka saya ta intanet ka sa sunansa da adireshin gidanmu. Na rubuta maka shi tsirara haka ne don kada ka tsaya neman abin da nake nufi.

Ka san yadda gidan nan yake. Tun zuwanmu ƙasar nan falonmu ya zama tasha. Duk wanda ya ga abu a waya, aka ce masa ba a kaiwa Nijeriya, sai ya ce a kai gidan Ramatu, in an samu mai zuwa gida a ba shi. Da annoba ta rufe hanya, kaya suka taru a bayan kujera har sun kusa kama taga: hijaban Yaya Barira, na'urar awon jinin Inna, wayoyin wane da wane, har da wasu ƙullin da ban san masu su ba sai an tuna mini. Kuma ba mu taɓa buɗe ko ɗaya ba. Haka aka tashe mu, saƙo amana ne, wanda ya leƙa saƙon wani bai da tarbiyya. Ni da bakina na koya wa yaran nan haka, na taɓa zane Hanan a kan ta ɓare ledar wani ƙulli. Da ka kira Yusha'u kafin a yanke layi, ka ce masa wani ɗan ƙarfe ne zai iso da sunansa, ya ce to, Kawu. Bai tambaye ka ƙarfen mene ne ba. Wane ɗan arziki ne zai tsare kawunsa da tambaya?

Ranar da abin ya faru, da hantsi aka kira shi daga ma'ajiyar kamfanin da ke kawo kaya, aka ce ya zo da fasfonsa ya karɓi saƙo. Ya leƙo kicin yana ɗaura takunkumi a fuska, ya ce mini saƙon Kawu ne ya iso, zai je ya dawo, ko ya yo mana ƙunshin roti, gurasar nan tasu, a wurin mamak, mai shayin ƙasan bene? Na ce ya haɗo da shayi. Ko ɗago kai ban yi na dube shi da kyau ba, ina fama da albasa. Ashe a can jami'ai suna zaune suna jiran wanda zai zo. Suka nuna masa ƙullin a rufe, suka tambaye shi nasa ne? Ya ce nasa ne. Suka sake tambaya, shi ya saya da kansa? Ya ce e. Ka san dalili, Yaya, don kai ma haka za ka yi. Duk wanda ya taɓa ɗauko saƙon mutane a filin jirgi an gaya masa in aka tambaye ka ka ce naka ne, kada ka ce na wani, sai su ɓata maka lokaci. Haka muke yi shekara da shekaru da kilishi da turare da atamfa. Ya sa hannu a takarda cewa kayansa ne, sannan suka buɗe a gabansa. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, wayarsa a kashe, sai ga kira ya shigo wa babansa. 'Yan sanda ne, suka ce yaron yana hannunsu.

Washegari suka zo bincike. Ba zan yi musu ƙarya ba, ba su yi mana wulaƙanci ba, har takalmansu suka cire a bakin ƙofa, macen cikinsu tana ta ba ni haƙuri. Amma Yaya, duk ƙullin da ke bayan kujerar nan sai da aka farke shi. Amanar mutane ta kusan shekara biyu aka baje a tsakar falo, ana ɗaukar hoto, ana tambayata wannan na wane ne, me ke ciki, ina cewa ban sani ba. Duk lokacin da na ce ban sani ba sai su dubi juna. Babbansu ya tambayi Baban Hanan, cikin ladabi, yaya malamin jami'a zai tara kayan da bai san cikinsu ba a gidansa? Mijina ya buɗe baki zai yi bayanin amana, ya ga babu yadda za a yi ta shiga kunnensu, ya fasa. Sun tafi da kwamfutar Yusha'u da wayoyin mutane. Hanan ta shige bayana ta riƙe zanena har suka fita, yarinyar da ke ganin ta girma.

Wani abokin aikin Baban Hanan, Malam Najib, Allah ya saka masa, shi ya kai mu wurin wata lauya a Brickfields, unguwar Indiyawa. Dattijuwa ce, ba ta da wasa, ba ta kuma shafa wa magana mai. Ita ta fara gaya mini abin da ke cikin ƙullin, don ni har lokacin ban gane ba. Ta ce wasu 'yan ƙarafa ne, kowanne bai fi babban yatsa ba, da ake maƙala wa bindiga a wajen kunamarta, sai ta riƙa ɓarin harsashi ba tsayawa maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mai sayarwa ya rubuta a jikin kwalin wai maƙalin makulli ne, kuma ta ce wannan ƙaryar ma ta ƙara ɓata lamarin. Na ce mata ai ba bindiga ba ce, ko harsashi babu, yaron nan ko kaza bai iya yankawa ba. Ta ce in cire wannan daga raina. A fahimtarta dokar ƙasar nan tana iya ɗaukar sashen bindiga tamkar bindigar, kuma hukuncin riƙe makami ba izini ɗauri ne na shekaru, wani sa'in har da bulala. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ba guda ɗaya ba ne. Ta ce idan abu ya wuce ɗaya biyu, sai a fara maganar fataucin makamai, kuma wannan a nan yana iya kaiwa ga ɗaurin rai da rai, ko abin da ya fi shi. Na tambaye ta mene ne ya fi shi. Ta mayar da kanta kan takardunta, ni ma na gane, ban sake tambaya ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san abin da za ka ce, don na tuna hirarmu ta Sallah. Ka ce ka ga Amurkawa a bidiyo suna wasa da irin wannan abu a fili, a kanti suke sayensa kamar batir. Baban Hanan ya kawo wa lauyar wannan magana, ko za ta yi amfani. Ta ce ko a Amurkar ba haka ba ne kai tsaye. Wani iri an haramta shi bayan wani mutum ya hallaka jama'a da shi a wurin taro, wani iri ana ta jayayya a kansa, wani kuwa tun fil'azal laifi ne babba, kuma abin da wata jiha ta bari wata ta hana. Ta ce su can suna da filin gardama, a nan babu, kuma ba ta jin a Nijeriya ma akwai. Sannan ga abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya. An ce ƙarfen nan na wata irin ƙaramar bindigar Turawa ne. Ba ya shiga harba-ka-ruga, ba ya shiga ta farauta da kuke sintiri da su. Da ya iso hannunka lafiya, da sai dai ka jujjuya shi ka jefa a aljihu. A kan abin da ko aiki ba zai yi maka ba ɗana yake kwana a kan siminti. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kada ka ɗauka ban san abin da ya kai ka ba. Na sani. Na ji muryarka ranar da aka kwashe matan unguwar gabas, kana cewa bindigogin mutanen daji magana suke yi ba numfashi, naku kuwa sai su yi tari ɗaya su tsaya. Na san kai kake kwana a bakin gari da 'yan sintiri don Inna ta samu ta runtsa. Na san ba don kanka kaɗai ka saya ba, shi ya sa suka yi yawa. Da ni ce a can, wataƙila da na yi abin da ya fi haka. Ban ce kai mugu ba ne, kuma ba zan taɓa cewa ba. Amma ka san abin da kake saye, shi bai sani ba. Da ka ce da ni Ramatu ga abin da nake so, da na ce maka kul, ƙasar nan ba a wasa da ita a kan makami, ko kwafsar harsashi aka gani a jakarka ka shiga uku. Sai ka tsallake ni ka kira yaro, don ka san shi ba zai ce a'a ba. Wannan kam ta yi mini ciwo, kuma gara in faɗa maka da in haɗiye.

Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba. In lif ya tsaya a hawanmu sai in ɗauka jami'an ne suka dawo. In waya ta yi ƙara sai in kasa ɗauka, in miƙa wa Hanan. Ba a barin ziyara saboda annoba, kayan sawa ma sai dai a ajiye a ƙofa. Ka san yana da asma tun yana ƙarami, kuma ana ta cewa cutar tana yawo a wuraren tsare mutane, ga shi an cusa su ɗaki guda. Na kai maganin shaƙarsa, ban san ko ya isa hannunsa ba. Makarantarsu ta rubuto tana tambaya, bizarsa a kan karatun take, ta babansa ma a kan aikin take, duk abu ɗaya ya riƙe su. Mutanenmu na nan kuwa, sai dai Allah. Wasu sun tsaya mana, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma matan da ke cika mini falo ranar Juma'a, yanzu in na yi sallama a zaurenmu na waya sai ka ji tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wata har ta kira, ba jaje ba, wai tana so in tabbatar sunanta bai fito a maganar wayarta da aka tafi da ita ba. Ban ga laifinta sosai ba, kowa bizarsa yake ji. Maƙwabciyata Bamalaya, tsohuwar da gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ce kullum take rataye mana abinci a hannun ƙofa ta ƙwanƙwasa ta wuce.

Sau ɗaya na gan shi, ta allon kwamfuta a ofishin lauya, ranar da aka nemi ƙarin lokacin tsare shi. Ya rame, idanun nan sun faɗa, takunkumi ya rufe rabin fuskar. Aka ba mu ɗan lokaci mu gaisa. Ina cewa zai yi kuka, ko ya ce Umma ki fitar da ni. Sai ya yi sauri ya juya harshe zuwa Hausa, ya ce kada in kuskura in ambaci sunanka. Ya ce ya ji ana kama duk wanda aka danganta da bindiga a wajenku, ba a tsayawa tambayar ɗan sintiri ne ko ɗan daji, kuma in aka tafi da Kawu wa zai tsare Kaka? Ya ce shi yaro ne, ko shekara nawa aka ba shi zai fito da sauran ƙarfinsa. Jami'in da ke bayansa ya ce mu yi yaren da kowa zai ji, sai ya koma Turanci ya ce in gaishe da Hanan. Lauyar ta gaya mana tun ranar farko maganarsa ɗaya ce, kayansa ne, shi ya saya, ya ga abin ne ya burge shi. Ta ce da wannan bakin nasa yake haƙa wa kansa rami, kuma ita ba za ta iya kare wanda ya ƙi kare kansa ba.

Na yi kwanaki ina juya maganar, gaba kura baya sayaki. Kai ɗan'uwana ne ciki ɗaya, kai ka goya ni zuwa makarantar allo, kai ka tsaya a aurena bayan rasuwar Baba. Na yi istihara, na yi kuka, na tambayi Baban Hanan ya ce shi ba zai shiga tsakanina da jinina ba. To Yaya, na yanke. Na koma Brickfields ni kaɗai na ba lauya sunanka da sunan garinmu da dalilin da ya sa ka saya. Ban nemi izininka ba, babu hanyar nema, kuma ko da akwai ban yi alkawarin zan jira amsarka ba. Ta ce maganata ita kaɗai ba ta isa ba, za a ce uwa ce take neman kuɓutar da ɗanta. Abin da take so shi ne kai da kanka ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka faɗi cewa kai ka zaɓi kayan, kai ka biya ta hannun wanda ya biya maka, Yusha'u bai san abin da ke ciki ba. Ka haɗa da wayar da ka yi cinikin da ita, kada ka goge komai. Tana so su iso kafin mai gabatar da ƙara ya yanke sashen dokar da zai tuhume shi da shi, kuma ta ce ba za a wuce watan nan ba. Ba ta ce mini zai fito ba. Ta ce dai shi ne bambancin yaron da aka yi amfani da sunansa da mai fataucin makami.

Na san abin da nake roƙonka. Na san takardar nan tana iya juyowa ta cije ka, don duk abin da aka rantse a kai a kotu ba ya ɓoyuwa. Kada ka yi ta a kusa da gida. Ka biyo Ɗanladi zuwa Kano, mijin Hafsatu ya san lauyan da zai duba yadda za a rubuta ta ba tare da ka jefa abokan sintirinka a ciki ba. Ka taho da Inna da Yaya Barira da yara su zauna wurin Hafsatu, ko Inna ta ƙi ka ɗauko ta, ka ce ni na ce asibiti za a kai ƙafarta. Gari kuma Allah ne mai tsaronsa tun kafin a haife ka. In ka ga dama ka yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarka, zan ɗauka. Amma ka fara zuwa Kano tukuna.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arta, amma kada ka gaya mata dalili, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Ka gaishe da Yaya Barira, da Umair, da Khaulah, da Baffa Abdulgani da mutanen gidansa, da Goggo Hureira in tana gari. Baban Hanan yana gaishe ka, Hanan ma tana gaishe da Kawunta. Gaisuwar Yusha'u ce ba zan iya isar maka ba, don bai san na rubuto ba. Yana can a kulle yana ganin ya rufa maka asiri.

Allah ya fitar mana da shi, ya tsare ka a hanya. Wassalam.

Ƙanwarka,
Ramatu